Yadda Ake Gwada Sabon Tsarin Kasuwanci da Samfur Kafin a Zuba Jari

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu karatu, kowa da irin yadda yake yin ta. Wani yana sayar da kaya yana son ya koma bayar da haya. Wata tana karɓar kuɗi a kan kowane aiki, tana son ta mayar da shi biyan wata-wata. Wani kuma yana son ya zama mai haɗa masu saye da masu sayarwa ya riƙa cin la'ada. Dukansu abin da suke son sani shi ne: ta yaya zan gane abin zai yi, tun ban narka jarina a ciki ba?

Amsar ita ce samfur. Sai dai mu fahimci juna tun farko. Idan aka ce samfur, hankalin mutane yakan tafi kan kaya: sabon takalmi, sabuwar manhaja, sabon inji. A nan cinikin kansa za a yi wa samfur, wato wa zai biya, nawa zai biya, yaushe, ta wace hanya kayan za su kai gare shi, kuma me zai rage a hannunka bayan an fitar da ɗawainiya. Kaya suna iya yin kyau ciniki ya ƙi. Don bayanin ya zauna, zan riƙa komawa ga misali guda: mai sayar da kekunan ɗinki da yake son ya fara bai wa teloli haya duk wata, gyara a wuyansa.

Abin da za ka tanada

Littafi da biro, ko shafin Google Sheets. Waya mai WhatsApp Business. Google Forms don karɓar sunaye. Canva idan za ka tsara takardar talla. Hanyar karɓar kuɗi da ke barin shaida, da littafin rasit. Yawancin waɗannan ana amfani da su kyauta a matakin farko. Kuɗin da za ka kashe na gaske wuri uku suke tafiya: neman mutane, kayan da za ka yi gwajin da su, da abin da za ka ajiye don mayar wa mutane kuɗinsu idan ka fasa. Lokaci kuwa, ware mako biyu zuwa shida ga zagaye guda. Idan cinikin na biyan wata-wata ne, dole ka kai wata na biyu, dalilin yana zuwa a gaba.

1. Rubuta cinikin a takarda guda

Takarda guda, ba kundi ba. Ka amsa waɗannan da gajerun jimloli: Wane ne mai sayen? Wace matsala yake fama da ita, kuma yaya yake maganinta yanzu? Me za ka ba shi? Ta ina zai ji labarinka? Yaya zai biya? Me zai ci maka kafin ka sadar da abin? Wa kake bukata ya taimaka?

Wurin da ya fi cancantar ka daɗe shi ne yadda za a biya, don nan ne tsarin kasuwanci yake ɓuya. A 1959 kamfanin da ya zama Xerox ya fito da injin kwafar takardu mai lamba 914, mai tsadar da ofisoshi kaɗan ne za su iya saya. Sai ya ba da shi haya a kan dala 95 a wata, da kwafi 2,000 a ciki, duk kwafin da ya ɗoru a kai kuma santi 4. Injin bai canza ba, hanyar biya ce ta canza, ita ce kuma ta buɗe kasuwar. Don haka rubuta hanya uku ko huɗu da za a iya biyanka a kan abu ɗaya: sayarwa kai tsaye, haya, biya gwargwadon amfani, biya kaɗan-kaɗan har kaya su zama na mai saye. Kowace daga ciki tsari ne dabam da za a iya gwadawa.

Gargaɗi: kada ka rubuta "kowa da kowa" a gurbin mai saye. "Telan da ya gama koyo, yana da masu kawo ɗinki amma ba shi da kuɗin keke" mutum ne da za ka iya zuwa ka samu. "Kowa da kowa" ba shi da adireshi.

2. Zaƙulo zaton da zai iya kashe cinikin

Duk abin da ka rubuta a takardar nan zato ne har sai an gwada. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka yi wa kowanne tambaya biyu: idan wannan ƙarya ne, cinikin ya mutu? Ina da shaida a kai, ko ji kawai nake yi a jikina? Wanda zai kashe cinikin kuma ba ka da shaida a kansa, shi za ka fara gwadawa.

Mai kekunan ɗinki yana da zato da yawa: teloli za su yarda da haya, za su biya a kan lokaci, ba za su gudu da keken ba, gyara ba zai cinye ribar ba. Kalar takardar talla da sunan kamfani ba sa cikin wannan layin.

Wani lokaci zaton ƙarami ne ƙwarai. A 1997, kafin Reed Hastings da Marc Randolph su kafa Netflix, abin da ya tsaya musu shi ne ko faifai zai bi ta gidan waya ya isa bai karye ba. Suka sa faifan CD a ambulan, suka aika gidan Hastings a Santa Cruz, ya isa lafiya. Kuɗi kaɗan ne gwajin ya ci, amma da faifan ya karye, da duk shirin bayar da hayar fim ta gidan waya ya rushe.

Gargaɗi: zuciya takan ja mutum ya gwada abin da ya san zai ci, don ya ji daɗi. Idan zaton da ka zaɓa bai ba ka tsoro ko kaɗan ba, sake dubawa.

3. Yanke ma'auni da iyakar asara tun kafin ka fara

Wannan matakin aka fi tsallakewa, shi ne kuma yake raba gwaji da yaudarar kai. Rubuta jimla guda mai lamba da rana: "Zan yi magana da teloli 40 cikin mako biyu. Idan 8 suka ba da kafin alƙalami, zan ci gaba. Idan ba su kai 4 ba, zan canza tsari." Ka sa hannu, ka ba wani da ba ya jin kunyarka ya riƙe kwafi.

Lambar ba daga sama za ta faɗo ba. Daga lissafinka za ta fito: mutum nawa cikin waɗanda ka tuntuɓa ya kamata su saya kafin wahalar nemansu ta biya kanta? Idan ba ka yanke wannan da wuri ba, duk sakamakon da ya zo za ka ga alheri a cikinsa. Mutum biyu suka saya, ka ce ai farawa ce. Ba wanda ya saya, ka ce ai lokacin ne bai yi ba.

Haka ma kuɗi. Ware adadin da in ya salwanta duka, kasuwancinka na yanzu da cefanen gidanka ba za su girgiza ba, ka raba shi kashi uku, don da wuya zagayen farko ya ba da amsa. Kada ka ci bashi don gwaji.

4. Zaɓi samfur mafi araha da zai amsa tambayar

Samfuran ciniki hawa-hawa ne. Fara daga ƙasa, kada ka hau na gaba sai na baya ya ba da alama.

Na farko shi ne takardar tayi: shafi guda, a bugu ko a intanet, mai bayanin abin da za a samu, da farashi, da wurin cewa "ina so". Joel Gascoigne ya yi haka a 2010 da Buffer, manhajarsa ta tsara lokacin wallafa saƙonni a kafofin sada zumunta. Kafin ya gama gina manhajar, ya kafa shafi mai bayani, duk wanda ya latsa sai a ce masa ba a shirya ba tukuna, ya bar adireshin imel. Da ya ga ana latsawa, sai ya saƙala shafin farashi a tsakani, don ya ga wa zai ci gaba bayan ya ga akwai biya. Dabarar tana cikin wannan shafi na biyu.

Na biyu shi ne nuni. Idan abin yana da wuyar bayani da baki, nuna shi. Drew Houston ya saki gajeren bidiyo a 2008 yana nuna yadda Dropbox, manhajarsa ta ajiye fayiloli a intanet, ke aiki, jerin masu jira ya tashi daga 5,000 zuwa 75,000 cikin dare guda. Amma a lura, wannan ya nuna sha'awa ce kawai, bai nuna za a biya ba.

Na uku, wanda na fi amincewa da shi, shi ne yin aikin da hannu a bayan labule. Mai saye yana ganin kasuwanci cikakke, alhali kai ne kake ta kai da kawowa. A 1999 Nick Swinmurn yana son ya san ko mutane za su sayi takalmi ta intanet ba tare da sun gwada a ƙafa ba. Bai kama sito ba, bai yi sari ba. Ya shiga shagunan takalma ya ɗauki hotuna da izininsu, ya ɗora a shafinsa. Duk wanda ya yi oda, sai ya koma shagon ya saya a farashin kanti ya aika masa. Riba ba ta cikin lissafin, amma ya ga ainihin masu saye da ainihin kuɗi, ya kuma ga masu dawo da kaya. Wannan ne ya zama Zappos, wanda Amazon ya saya a 2009.

Na huɗu shi ne ƙaramin kasuwanci na gaske, a unguwa guda ko da mutum goma. Brian Chesky da Joe Gebbia sun shimfiɗa katifun iska a gidansu na San Francisco a 2007, lokacin wani taro da otal-otal suka cika, suka karɓi baƙi uku a kan dala 80 kowanne a dare. Daga nan Airbnb, shafin haɗa masu gida da baƙi masu neman masauki, ya samo asali.

Mai kekunanmu zai iya haɗa na farko da na huɗu: takardar tayi, sannan kekuna biyar daga cikin hajarsa, ko ma waɗanda aka yi amfani da su.

Gargaɗi: kada ka ɗauki mai gina manhaja, kada ka kama shago, kada ka buga kwali dubu a wannan matakin. Kamfanin Webvan na Amurka ya ƙulla kwangilar dala biliyan 1 da kamfanin gine-gine na Bechtel a 1999 don gina manyan rumbunan kai cefane gida-gida a birane da dama, tun bai tabbatar da riba a birni guda ba. A 2001 ya durƙushe.

5. Nemo mutanen da suka dace

'Yan uwa da abokai ba sa cikin lissafi. Suna ƙaunarka, za su ce abin ya yi, wasu ma za su saya don kara. Nemi baƙi irin waɗanda ka rubuta a mataki na farko, ka je inda suke. Zuwa da kai ya fi aike: mutum goma da ka zauna da su za su koya maka abin da fam ɗari da aka cike ba zai koya maka ba.

Kafin ka fito da tayinka, tambayi abin da ya riga ya faru. "Yaushe kekenka ya lalace na ƙarshe? Kwana nawa ka yi ba aiki? Nawa ka kashe? Wa ya gyara?" Kada ka tambayi "da za ka so...?", don mutum bai san abin da zai yi gobe ba, amma ya san abin da ya yi jiya.

Idan ta Facebook ko Instagram za ka yi talla, sa kuɗi kaɗan na kwana biyar zuwa bakwai, ka rubuta nawa ka kashe, mutum nawa suka tuntuɓe ka, nawa suka biya. Yawan masu danna alamar so ba ciniki ba ne.

Gargaɗi: idan kana da kasuwanci mai tafiya, kada ka yi gwajin a kan manyan kwastomominka, kuma ka yi tunanin amfani da wani suna dabam. Idan wanda ya sayi keke da tsabar kuɗi jiya ya ji ana bayarwa haya yau, sai ka shirya amsar da za ka ba shi.

6. Faɗi farashi, ka miƙa hannu

A nan yawancin mutane suke nauyin baki. Sun yi bayani mai daɗi, an yaba, sun tashi ba su nemi komai ba. "Wallahi abin ya yi kyau" ba shaida ba ce. Shaida tana da daraja-daraja: yabo shi ne mafi rauni, sai barin lambar waya, sai ba ka lokaci ko haɗa ka da wani, sai sa hannu a takarda, sai kafin alƙalami, sai cikakken biya. Mafi ƙarfi duka shi ne biya na biyu, wanda mutum ya yi bayan ya ɗanɗana abin.

Faɗi farashin da kake ganin za ka tsaya a kai, ba na rangwame ba. Idan ka ba da kyauta ko rabin kuɗi, abin da ka gano shi ne mutane suna son araha, kuma wannan kowa ya sani. Kana iya gwada farashi biyu a rukuni biyu da ba sa haɗuwa, amma ka canza abu ɗaya kawai a tsakaninsu. Idan ka canza farashi da sharuɗɗa da hanyar talla a lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Wanda ya ƙi, kada ka tsaya jayayya da shi. Tambaye shi me ya hana, ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. "Ya yi tsada" da "ba na son biyan kuɗi a kan abin da ba zai zama nawa ba" matsaloli ne biyu mabambanta, na biyun ma yana nuna maka wani tsarin ne: biya kaɗan-kaɗan har keke ya zama nasa.

Gargaɗi: kada ka karɓi kuɗin mutum a kan ƙarya. Idan abin bai kammala ba, faɗa masa, ka ba shi rana, ka ba shi rasit, ka rubuta cewa za ka mayar da kuɗinsa in ba ka cika ba. Kuɗin kafin alƙalami amana ne, ajiye shi gefe kada ka taɓa. Kuma idan cinikin ya shafi magani, abinci, bayar da rance, inshora ko jigilar mutane, binciki dokar ƙasarka tukuna, don kalmar "gwaji" ba ta ɗauke wa kowa neman lasisi.

7. Gudanar da shi da kanka, kana rubutawa

Kai za ka kai kayan, kai za ka amsa waya, kai za ka bi kuɗi. Kullum da yamma ka cika layi guda: me aka yi, minti nawa ya ci, nawa aka kashe, wa ya yi ƙorafi a kan me. Ɗawainiyar da ke kashe sabon tsari ba ta fitowa a takardar shiri. A nan take fitowa: kuɗin mota zuwa gyara, kira huɗu kafin a biya, kayan da aka dawo da su a lalace.

Gargaɗi: rubuta ladan lokacinka kamar ma'aikaci ka ɗauka. Cinikin da ribarsa ta dogara ga aikinka na kyauta zai faɗi ranar da ka ɗauki yaro.

8. Yi lissafin mutum guda

Manta da jimillar ciniki, duba kwastoma ɗaya. Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don bayani, ka sa naka a gurbinsu da kowane irin kuɗi kake ciniki. A ce keke ya tsaya maka a kan 1,200, haya 80 a wata. Gyara da zirga-zirga da bin kuɗi suna cin 25, saura 55. Ka kashe 300 wajen neman mutane ka samu 10, kowanne ya ci 30 ke nan. Idan ɗaya cikin goma ya ɓace da keke, asarar 1,200 ta rabu a kan goma, kowanne ya ɗauki 120. Jimilla 1,350. Raba da 55, sai ka ga kana bukatar kusan wata 25 kafin uwar kuɗi ta dawo.

Yanzu sai tambayoyi masu zafi. Tela zai zauna wata 25? Idan ya dawo da keken a wata na takwas, kwana nawa zai yi a ajiye kafin wani ya karɓa? A da kana sayarwa kuɗinka ya dawo rana guda ka sake sari, yanzu shekara biyu zai yi a waje, to ina za ka samu jarin kekuna ɗari? Tsari yana iya zama mai riba a takarda amma ya ƙarar da kuɗin hannu kafin ribar ta iso.

Gargaɗi: mutum goma ba su isa su ba ka kaso abin dogaro ba. Suna isa su nuna maka babban rami, ba sa isa su tabbatar da cewa babu rami.

9. Buɗe takardar ma'auni ka yanke hukunci

Karɓo kwafin nan da ka bayar ajiya, ka kwatanta. Idan an kai ma'auni, koma mataki na biyu ka ɗauki zato na gaba, ka ninka girman gwajin sau biyu ko uku, ba sau ɗari ba. Mai kekunan da ya tabbatar teloli za su karɓa, yanzu sai ya gwada ko za su biya wata na biyu da na uku ba tare da an bi su ba, sannan ko wani zai iya yin gyaran a madadinsa.

Idan sakamakon ya faɗo tsaka-tsaki, koma ga kalmomin waɗanda suka ƙi, ka canza abu guda: mai saye, ko hanyar biya, ko hanyar isa gare shi. Sai ka rubuta sabon ma'auni ka sake zagaye. Idan zagaye uku suka wuce, kuɗin da ka ware suka ƙare, ba wanda ya miƙo kuɗi, tsaya. Kada ka ƙara wa gwajin kuɗi don kawai ka riga ka kashe wasu.

Ko ci gaba za ka yi ko tsayawa, akwai sauran aiki ga waɗanda suka shiga gwajin. Kira su ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu abin da ka yanke. Mayar da kuɗin duk wanda ba ka cika masa alkawari ba cikin kwanakin da ka rubuta a rasit. Wanda keke yake hannunsa, ba shi zaɓi: ya saya a rage masa abin da ya riga ya biya, ko ya ƙarasa watan da ya biya ya dawo da shi. Goge lambobin waya da bayanan waɗanda ba su yarda ka riƙe ba. Littafin da ka cika kuwa, ajiye shi da kwanan wata a bangonsa, don tsari na biyu daga cikin waɗanda ka rubuta a mataki na farko zai fara ne daga lambobin da ke ciki.